Ƙarshen Zango: Tambayoyin Iyaye Kafin a Tafi Dogon Hutu

A makarantun firamare na Najeriya shekarar karatu zango uku ce, ana farawa a Satumba a ƙarƙare wajen Yuli. Zango na uku shi ne mai nauyi, domin a cikinsa ake yanke hukuncin wanda zai ƙara aji, a cikinsa 'yan aji shida ke sallama, kuma a makon ƙarshensa takardu ke ta zuwa gida ana neman wannan ana neman wancan. Ga tambayoyin da iyaye suka fi yi a irin wannan lokaci.

Yarona ya zo na ashirin da biyu a ajinsu. In tsawata masa?

A dakata tukuna. "Na nawa ka zo?" ita ce tambayar farko da kowane uba ke yi, amma ita ce mafi ƙarancin amfani a cikin katin sakamako. Na ashirin da biyu cikin yara talatin daban, na ashirin da biyu cikin yara tamanin daban. Haka kuma yaro na iya zuwa na uku a ajin da rabin yaransa ba sa iya haɗa baƙi, a yi masa murna a gida, alhali shi ma da ƙyar yake karanta jimla guda.

Abin da ya kamata ido ya fara sauka a kai shi ne makin karatu da na lissafi, sai adadin ranakun da yaron ya halarci makaranta, sai abin da malamin aji ya rubuta a ƙasa. Adadin ranakun nan yakan tona asiri sosai. Akwai iyayen da sai a ranar karɓar sakamako suke gane cewa yaron da ke fita kullum da jaka bai cika shiga aji ba, ko kuma su tuna cewa su da kansu suka riƙa riƙe yarinyar a gida ranar kasuwa ko ranar biki.

Bayan haka a yi wa yaron gwaji na gida, ba tare da bulala a kusa ba. A ba shi littafin labari mai sauƙi, na Hausa ko na Turanci, wanda bai taɓa gani ba, ya karanta shafi ɗaya da ƙarfi, sannan ya faɗi abin da ya fahimta. Dole ya zama wanda bai taɓa gani ba, saboda yaranmu gwanaye ne wajen hadda: za su rera maka shafin littafin aji daga farko har ƙarshe ba tare da sun san ina kalma ta fara ina ta tsaya ba. A lissafi kuwa, a aike shi kanti da naira dubu ɗaya ya sayo abin ɗari shida da hamsin, a tambaye shi canji kafin ya fita. Ɗan aji uku da ya kasa waɗannan biyun yana buƙatar taimako a wannan hutun, ko da kuwa katinsa ya ce na biyar ya zo.

To yaya ake haɗa makin da ke cikin katin?

Ba jarrabawar ƙarshe kaɗai ba ce. Akwai gwaje-gwaje da aikin gida da ake tarawa tun farkon zango, wanda malamai ke kira CA. Makarantu da yawa suna ba shi kashi 40 su ba jarrabawa 60, wasu kuma 30 da 70. A zango na uku ana yawan haɗa sakamakon zangon uku duka a fitar da matsakaici. Shi ya sa yaron da ya yi jinya mako biyu a tsakiyar zango zai iya cin jarrabawa sosai amma makinsa ya faɗi. In an ga gurbin CA babu komai, a je a tambayi malamin aji kafin a rufe makaranta, domin bayan an watse gyara yakan yi wuya.

An ce 'yata za ta maimaita aji. In canza mata makaranta kawai?

Wannan dabara ce da ta yi yawa, musamman a makarantun kuɗi: a ɗauke yarinya a kai ta wata makarantar da za ta karɓe ta a aji na gaba ba tambaya, tunda kuɗi za su shigo. Kunyar maƙwabta ta kau, amma rashin iya karatun yana nan, ya bi ta aji huɗu, ya bi ta aji biyar, sai a aji ɗaya na sakandare abin ya fashe.

Sai dai kuma maimaita aji shi kaɗai ba magani ba ne. In yarinya ta koma kujera ɗaya, malami ɗaya, salo ɗaya, da wuya wani abu ya canza. A zauna da malamin a tambaye shi takamaimai: a ina ta tsaya? Haruffa ne ba ta gane ba, ko haɗa su? Sannan a duba abubuwan da ba a cika tunawa ba. Yaron da ba ya ganin allo da kyau daga baya, ko wanda kunnensa ke fitar da ruwa, sau da yawa daƙiƙi ake kiransa alhali asibiti yake buƙata.

Makaranta ta riƙe sakamako wai sai an biya wasu kuɗi. Haka doka ta ce?

Ya danganta da irin makarantar. A ta gwamnati, dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta shekarar 2004 ta ce karatun shekara tara na farko, wato firamare shida da ƙaramar sakandare uku, kyauta ne kuma dole ne. Dokar ta tanadi tara har naira dubu goma ko ɗaurin wata uku, ko duka biyun, ga wanda ya karɓi kuɗin makaranta saɓanin haka. Gudummawar da ƙungiyar iyaye da malamai ta PTA ta amince da ita a taro, kamar ta gyaran rijiyar burtsatse ko sayen alli, wani abu ne daban, amma bai dace a hana yaro sakamakonsa saboda ita ba. In an yi haka, a fara da shugaban makaranta cikin mutunci, sannan kwamitin mutanen unguwa mai sa ido kan makarantar, wato SBMC, sannan ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, wanda ke ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB.

A makarantar kuɗi kuwa yarjejeniya ce aka shiga, kuma malaman nan da kuɗin ake biyansu. Wanda ake bin sa bashi ya je da kansa ya nemi a tsara masa biya kaɗan-kaɗan. Abin da ba shi da kyau shi ne a tura yaro ya sha kunyar a gaban 'yan ajinsu.

Bikin yaye ɗalibai fa? Dole ne?

Ba dole ba ne. Ga ɗan aji shida akwai ma'ana, ya gama wani mataki. Amma a ɗinka wa yaro ɗan shekara biyar riga da hular kammala karatu don zai bar nazare ya shiga aji ɗaya, a karɓi kuɗin anko da na hoto da na abinci, wannan kasuwanci ne aka sa masa sunan biki. Abin ya kai ga jihar Imo ta hana irin wannan biki a matakin nazare a 2025. Mai hali ya yi in yana so. Wanda ba shi da hali ya adana kuɗinsa, domin Satumba na tafe da yunifom da takalmi da littattafai.

Ɗana ya gama aji shida. Me ya rage mana?

Takardu da farko. A karɓi takardar shaidar kammala firamare, a tabbatar sunan da ke jikinta da ranar haihuwa sun yi daidai da na takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Wannan ƙaramin abu ne yanzu, amma Muhammad a nan, Mohammed a can, Mamman a wata takardar, shi ke sa mutum yawon kotu neman takardar rantsuwa lokacin rajistar WAEC ko JAMB.

Masu son makarantun gwamnatin tarayya, jarrabawar shiga da hukumar NECO ke shiryawa ita ce hanya, kuma ana rubuta ta kafin shekarar karatu ta ƙare, don haka iyayen 'yan aji biyar su ne ya kamata su fara shiri yanzu. Makarantun jiha kowace jiha da tsarinta na raba ɗalibai. A tambayi shugaban makaranta inda aka tura yaron da ranar da za a liƙa sunaye. A wannan tsakanin ne 'yan mata da yawa ke salwanta daga karatu, ba don wani ya yanke shawarar cire su ba, sai don ba wanda ya bi sawun takardar har zango ya yi nisa.

In sayi littattafan sabon aji tun yanzu kafin su yi tsada?

Littattafan rubutu da fensir da jaka, a saya. Littattafan karatu kuwa a jira jerin da makaranta za ta bayar. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da sabuwar manhaja da ta rage yawan darussan firamare, kuma makarantu ba lokaci ɗaya suke komawa kanta ba. Wanda ya aro littafin laburare ko na aji ya mayar, kuma a duba kwandon kayan tsintuwa, domin rigunan sanyi da gorunan ruwa ba sa tsallake hutu.

Lesin hutu ya zama dole? Mu muna da gona, ga Islamiyya.

Dogon hutu a tsakiyar damina yake faɗowa, kuma ba laifi yaro ya bi mahaifinsa gona ko ya ba Islamiyya ƙarfi. Matsalar ita ce mako shida ko fiye ba tare da ya buɗe littafin boko ba. Duk malamin aji ya san makonnin farko na Satumba a tuna wa yara abin da suka manta suke tafiya. Ba sai an biya kuɗin lesin ba. Minti ashirin kullum bayan sallar la'asar, yaro ya karanta wa yayarsa ko mahaifiyarsa shafi ɗaya, ya fi lesin da ake tara yara hamsin a aji guda suna kwafar allo. Uwar da ba ta yi boko ba ma za ta iya: ta sa shi ya karanta, ta ce ya ba ta labarin da Hausa. In ya yi ta kame-kame, ta gane.

Wanda gwajin gida ya nuna bai iya karatu ba, shi ne ya cancanci a nema masa malami na musamman, a kuma gaya wa malamin cewa haruffa da haɗa su ake so, ba aikin sabon aji ba.

Akwai abin da za a kiyaye na lafiya?

Kududdufai da ramukan da aka haƙi ƙasar gini suna cika a wannan lokaci, kuma kowace damina sai sun ci yara. A ja kunne sosai. A kwana cikin gidan sauro, zazzaɓi kuma a kai a gwada jini maimakon a sayi magani da ka. Ƙannen da ba su kai shekara biyar ba a tabbatar sun sha maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ma'aikatan lafiya ke rabawa gida-gida wata-wata a damina.

Yaushe za a koma?

Ranar tana rubuce a ƙasan katin sakamako, amma a sake tabbatarwa idan lokaci ya matso, domin ma'aikatar ilimi ta kowace jiha ke fitar da jadawalinta kuma yakan motsa. A 2025 jihohin Kano da Katsina da Bauchi da Kebbi sun ba da hutu a watan azumi, abin da ya sa jadawalinsu ya bambanta da na sauran jihohi. Wanda yaransa za su je hutu wata jiha kada ya bi ranar 'ya'yan masu masaukinsu. Kuma a dawo da su a makon farko, domin a cikinsa ake raba kujeru, a rubuta rajista, wasu makarantun ma har gwaji suke yi wanda ke shiga cikin makin CA.