Gindin ajiye ƙananan motocin yaƙi na kwaikwayo

Gindi, ko dandamali, shi ne allon da ake ɗora ƙaramar tankar yaƙi ko mota mai sulke ta roba a kai bayan an gama haɗa ta an yi mata fenti. Irin motocin nan kamfanoni kamar Tamiya na Japan da Italeri na Italiya da Heller na Faransa ke yin su gutsi-gutsi cikin kwali, mutum ya haɗa da kansa. Ma'aunin da ya fi yawa shi ne 1/35, wato santimita 1 a jikin ƙaramar daidai yake da 35 a ta gaske, sai kuma 1/48 da 1/72. Tanka mai tsawon mita 7 kenan za ta dawo santimita 20, to daga nan ake fara lissafin girman allo.

Akwai allo zalla, katako da kafinta ya goge ya shafa wa banis, ba ƙasa ba ciyawa, wannan na wanda yake so a kalli aikin fentinsa ne kawai. Akwai mai ɗan fili da soja ɗaya ko biyu, sannan babban da ake ce wa diyorama, mai ba da labari, da gini da hanya da mutane. Ko wanne ne dai kada allon ya yi faɗi da yawa, ratar santimita 3 zuwa 5 kewaye da motar ta isa, in ya wuce haka sai motar ta ɓace a fili. Kuma a ɗan karkata ta, kada ta bi gefen allo sak, a karkace ta fi kama da mai tafiya.

Inda aka fi yin kuskure wajen ƙasa ne, musamman nan Damagaram da rairayi yake bakin ƙofa, mutum ya ɗebo ya zuba yana ganin ai an gama. Ƙwayar rairayi mai milimita 1 a ma'aunin 1/35 tsakuwa ce ta santimita 3 da rabi! Dole a tankaɗe da rariya mai laushi, ko a daka busasshiyar laka ta zama gari, a cuɗa da farin gam na kafinta da ɗan ruwa. Kafin nan a rufe katakon da banis ciki da baya, in ba haka ba ya sha ruwa ya lanƙwashe, gashi banis ɗin na rage ɓarnar gara. Tun ƙasar na da danshi ake danna sarƙar tankar ko tayoyin su ɗan nutse, a bar sawu a baya, don ƙarfe mai tan da yawa ba ya zama saman rairayi kamar an ajiye faranti. Tudu kuma da farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin talabijin ake yi, amma a kula fentin fesawa da gam mai ƙarfin wari suna narkar da shi. Busasshiyar saiwa tana zama itace, zaren igiya ya zama ciyawa.

Ƙasar ta dace da tarihin motar. AML-90, mota mai sulke ta kamfanin Panhard na Faransa, wadda sojan Nijar ma suka yi aiki da ita, ko Toyota irin ta yaƙin Cadi da Libiya na 1987, rairayi da ƙaya da ɗan dutse sun yi mata daidai, amma Sherman, tankar Amurka ta yaƙin Normandi a Faransa a 1944, korayen ciyawa da taɓo take so, sa ta cikin hamada gaskiya abin dariya ne wurin masu sani.

Sauran kiyayewa. Ƙurar hunturu in ta shiga ciyawar nan ba ta fita, don haka akwatin gilashi ba ado ba ne a garinmu, kuma a nisanta shi da taga, ranar Afirilu da Mayu tana lanƙwasa roba ta kashe launi. Ana ɗaure motar da kusa mai zare ta ƙarƙashin allon, a gaba kuma a manna ƴar takarda mai sunan motar da shekara da ma'auni.