Rubuta labarin gida domin dangi da abokai: tambayoyi da amsoshi

Duk ƙarshen wata nakan zauna in rubuta abin da ya faru a gidanmu, in aika wa 'yan uwa da aminan da ke nesa. Ga tambayoyin da aka fi yi mini a kan haka, da abin da nake amsawa.

Ba an ce zumunci a ƙafa yake ba? Me ya kawo rubutu?

A ƙafa yake, ban musa ba. Wanda yake unguwa ɗaya da goggonsa, ya ce rubutu zai aika mata maimakon ya je ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi abin kunya. Sai dai akwai inda ƙafa ba ta kaiwa. Bahaushe matafiyi ne tun asali. Fataken goro sun bi hanyar Gwanja har Salaga, ga jikokinsu nan a zangon Kumasi da na Akara. Bayan yaƙin Burmi a 1903, waɗanda suka yi hijira tare da Sarkin Musulmi Attahiru suka ci gaba da nausawa gabas, har suka kafa garin Mai Wurno a Sudan. Yau kuma da wuya ka sami gidan da ba shi da wani a nesa: wannan yana karatu a Masar, wancan yana kasuwanci a Legas, wata aure ya kai ta Maraɗi.

Kuma iyayenmu ba su zauna jiran ƙafa ba. Sun rubuta wasiƙa da ajami sun ba fatake, daga baya suka riƙa naɗar murya a kaset suna ba alhazai su kai wa dangi a Makka, suna aika gaisuwa ta zaɓi-sonka a rediyo. Turbar da suka bi ce nake bi.

Ai muna gaisawa ta waya. Bai isa ba?

Saurari yadda kiran yake tafiya: ina gajiya, ina iyali, yaya jikin Inna, Allah ya ƙara sauƙi, sai kati ya ƙare. An gaisa, amma ba a ba da labari ba. Babu mai kiran ƙaninsa a Jidda don ya gaya masa an sare darbejiyar ƙofar gida, alhali a gindinta ya koyi karatun allo. Ni da na rubuta wannan, amsar da ƙanina ya aiko ta fi duk abin da na rubuta tsawo. Ga kuma saƙon murya na WhatsApp: ranar da waya ta faɗa ruwa ko aka zare ta a kasuwa, yawancin mutane shi ke nan, komai ya tafi.

Ni ba kowa ba ne. Me zan rubuta?

Wannan tambayar ce ta fi taɓa ni. Baba, mutuniyar Karo ta ƙasar Zazzau, ba 'yar sarauta ba ce, ba ta kuma yi boko ba. Tsakanin 1949 da 1950 ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, ta ba ta labarin rayuwarta: aure, kishiyoyi, ƙawance, goyo, zamanin harin bayi. Aka buga shi littafi a 1954, kuma har gobe masu binciken rayuwar matan Hausa suna komawa gare shi. Abin da ta ɗauka hira ce, shi ya zama tarihi.

To, rubuta nawa aka sayi tiyar gero a watan azumi, da wanda ya sauke Alƙur'ani, da sunan da aka raɗa wa jaririya da wadda aka yi wa takwara. Rubuta yadda kaka take haɗa yajin jego, da awonta na tafin hannu, tun tana nan da za a tambaye ta.

Lallai sai an sa kwanan wata?

Lallai. Tambayi dattijo shekarar haihuwar ɗansa, zai ce shekarar da aka kashe Sardauna, ko shekarar da aka canja kuɗi. Waɗannan da sauƙi, 1966 ce da 1973. Amma in ya ce shekarar da ruwa ya rushe katangar baya fa? Ranar da ya kwanta dama, lissafin ya bi shi. Shi ya sa malamai da yawa suke rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu a bangon littattafansu. Ni nakan sa na Hijira da na Miladiyya tare.

Ba tonon asirin gida ba ne?

Zai iya zama, in ba a yi hattara ba. Magana zarar bunu ce, rubutacciya kuwa ta fi wuyar janyewa. Ba na rubuta rikicin miji da mata, ko bashin wani, ko cutar da mai ita bai yarda a faɗa ba. Cikin da bai fito ba, ba ni ke sanar da shi ba. Hoton matar wani ko 'yarsa, sai na nemi izini. Kafin in aika, nakan karanta wa mahaifiyata; duk inda ta ce "a'a, cire wannan", sai in cire ba gardama. Kuma dangi da aminai kaɗai nake aika wa, ba duniya ba.

Yaya ake farawa?

Littafin rubutu mai bango mai ƙarfi da biro sun isa. Shafi ɗaya a wata, da Hausar da kuke yi a tsakar gida, domin yaran da aka haifa a waje su ji yadda ake cewa "yaya" da "kawu" a inda ya dace. A ɗauki hotonsa a aika, ainihin littafin kuma ya zauna a akwati, inda gara da damshi ba za su kai gare shi ba. Shafin farko a ba babban dattijon gidan: a zauna gabansa bayan la'asar, a tambaye shi sunan kakansa da garin da suka taso.