Takin naitirojin a noman karas: lissafin kuɗi da riba

Karas ba ya cin takin naitirojin da yawa kamar masara ko kabeji. Shi ya sa lissafin ribarsa ya bambanta: abin sayarwa saiwa ce, mai saye kuma kyanta yake fara dubawa kafin nauyinta.

Tarihi

Tun wajajen 1840 manoman Turai ke sayen kashin tsuntsayen teku daga Peru domin yin taki, daga baya kuma gishirin naitiret daga Chile, duk da tsadar jigila. Lamarin ya sauya a 1909, lokacin da Fritz Haber na Jamus ya nuna yadda za a samar da amoniya, sinadarin da ake yin takin naitirojin da shi, daga naitirojin da ke cikin iska. Carl Bosch na kamfanin BASF ya mayar da dabarar ta masana'anta, aka buɗe ta farko a Oppau a 1913. A yau iskar gas ce mafi girman abin da ake kashe wa kuɗi wajen yin amoniya, don haka idan gas ya yi tsada taki ma sai ya bi, kamar yadda aka gani a 2021 da 2022. Yuriya, wadda aka fi amfani da ita a duniya, tana ɗauke da naitirojin kashi 46 cikin 100.

A shekarar 1909 ɗin ce Eilhard Mitscherlich, masanin kimiyyar noma na Jamus, ya bayyana cewa duk ƙarin taki yana kawo amfanin da bai kai na wanda ya gabace shi ba. Daga nan aka samo ma'aunin da ake bi har yanzu: a tsaya inda kuɗin kilo na ƙarshe ya yi daidai da darajar amfanin da ya ƙara.

Halin karas

Wannan iyaka tana zuwa da wuri a gonar karas. Saiwarsa tana nutsewa ƙasa ta tsotso ragowar takin da shukar baya ta bari, har ma a wasu gonakin ƙarin taki ba ya ƙara komai. Idan ya yi yawa, sai ganye ya yi shar, gona ta yi kyau a ido, amma a tuge a tarar da saiwa ta tsage, ba ta kuma jure ajiya. Manomi ya yi asara biyu ke nan, ta kuɗin taki da ta amfanin gona, kuma abin takaici ne, domin gwajin ƙasa kafin shuka kan iya hana ta.

Ƙarancin ma yana da nasa hatsari. Raunannen ganye ya fi saurin kamuwa da cuta, kuma injin da ke tuge karas ta ganye sai ya tsinke shi ya bar saiwar a ƙasa. A ƙasa mai yashi, inda ruwa ke wanke taki da sauri, akan raba shi kashi biyu ko uku.

Ana saɓani kan ko ɗanyen takin dabbobi ne ke sa saiwa ta yi rassa. Wasu sun fi ɗora laifin kan taurin ƙasa da tsutsotsi.

Dokoki

Tarayyar Turai ta kafa dokar rage gurɓatar ruwa da naitiret a 1991, wadda ta taƙaita yawan takin da ake zubawa a wasu yankuna.