Daga jerin Oktoba zuwa tikitin Maris: yadda ake shiga gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka

A tsakiyar Oktoban kowace shekara, tun ba a jefa ƙwallo ko ɗaya a kwando ba, kamfanin dillancin labarai na AP kan fitar da jerin ƙungiyoyi 25 da ake ganin sun fi ƙarfi a ƙwallon kwandon maza na jami'o'in Amurka. A Oktoban 2025 jami'ar Purdue ce ta zo ta ɗaya, karo na farko a tarihinta da ta buɗe kaka a saman jerin, Houston na biye da ita, sai Florida mai riƙe da kofi. Gidajen talabijin kan manna lambar a gefen sunan ƙungiya, magoya baya su yi ta cacar baki a kanta. A dokokin NCAA kuwa, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i, lambar ba ta ba kowa ko rabin tikitin shiga gasar ƙasa ta watan Maris, wadda Amurkawa ke kira March Madness, wato haukan Maris.

Jerin AP ƙuri'a ce. 'Yan jarida da masu sharhin wasanni kimanin 60 ne kowannensu ke jera ƙungiyoyinsa 25. Wadda mutum ya sa a farko ta samu maki 25, ta biyu 24, haka har ta ƙarshe mai maki ɗaya. A haɗa jimla, a jera. Babu wani ma'auni da aka ɗora wa mai ƙuri'a. A Oktoba abin da ke gabansa shi ne sunayen 'yan wasan da suka rage, da sababbin da aka ɗauko, da sunan koci.

Wannan hasashe ya ƙara wuya a 'yan shekarun nan saboda dokar sauya sheƙa ta canza. A da, ɗan wasan da ya koma wata jami'a sai ya zauna shekara guda bai taka fili ba. A 2021 aka ba kowa damar sauyawa sau ɗaya ba tare da zaman jira ba, a 2024 kuma aka cire iyakar gaba ɗaya, muddin karatunsa na tafiya daidai. Tun Yulin 2021 'yan wasa ke da izinin samun kuɗi da sunansu da hotonsu, sannan a Yunin 2025 wata kotun tarayya a California ta amince da sulhun da ya ba jami'o'i damar biyan 'yan wasa kai tsaye, har zuwa kimanin dala miliyan 20.5 ga kowace jami'a a shekarar farko, a dukkan wasanninta. Ƙungiya kan tashi daga kaka zuwa kaka da rabin 'yan wasanta sababbi, don haka sau da yawa mai ƙuri'a yana auna mutanen da bai taɓa ganin sun buga tare ba.

North Carolina ta fara kakar 2022-23 a matsayi na ɗaya, ta gama da nasara 20 da rashin nasara 13, ba a ma gayyace ta gasar ba. UConn, wato jami'ar Connecticut, da ba ta cikin 25 ɗin a Oktoban shekarar ita ta ɗauki kofin, kuma Adama Sanogo ɗan ƙasar Mali, wanda ya buga wasannin ƙarshe na gasar cikin azumin Ramadan, shi aka zaɓa gwarzo. Kansas ta buɗe kakar 2024-25 a saman jerin, Arkansas ta yi waje da ita a zagayen farko, Florida da ta fara a lamba 21 ta cinye gasar da ci 65 da 63 a kan Houston. Wannan ba ya nufin jerin shirme ne. Yawancin manyan ƙungiyoyin Oktoba suna nan a Maris, domin gwaninta ba ta ɓuya. Sai dai kowacce sai ta bi ta ɗaya daga cikin ƙofofi biyu.

Ƙofar farko a buɗe take, babu gardama a kanta. Jami'o'i sama da 360 ne ke mataki na ɗaya na NCAA, an raba su rukuni-rukuni, kamar SEC da Big Ten da ACC da Big East da ƙanana da yawa. A ƙarshen kaka kowane rukuni kan yi tasa gasar ta sili ɗaya ƙwale, wadda ta ci ta samu tikiti kai tsaye, ko da ta sha kashi fiye da yadda ta yi nasara a kakar. A 2025 irin waɗannan tikitai 31 ne cikin gurabe 68, adadin da aka fara amfani da shi a 2011.

Akwai sharuɗɗa biyu da kan hana zakara cin moriyar nasararsa. Jami'ar da ta hauro mataki na ɗaya kwanan nan sai ta yi wasu shekaru na gwaji kafin ta cancanta. A 2023 Merrimack ta doke Fairleigh Dickinson a wasan ƙarshe na rukuninsu, amma da yake ba ta gama shekarun gwajinta ba, wadda aka doke ɗin ce ta tafi. Ita ce kuma ta je ta kayar da Purdue mai lamba ɗaya a shiyyarta ta gasar, karo na biyu kacal da mai lamba 16, ta ƙarshe a shiyya, ta yi haka, bayan UMBC ta doke Virginia a 2018. Sharaɗi na biyu karatu ne. NCAA na ba kowace ƙungiya maki kan yadda 'yan wasanta ke cin jarrabawa da ci gaba da zama a makaranta, kuma wadda ta faɗi ƙasa da 930 cikin 1,000 tana iya rasa damar shiga. UConn ta sha wannan hukunci a 2013, ta dawo a 2014 ta ɗauki kofi.

Sauran guraben, 37 a 2025, na gayyata ne, kuma nan ne ake kai ruwa rana. Kwamiti ne na mutum 12, daraktocin wasanni na jami'o'i da shugabannin rukunoni, kowa da wa'adin shekara biyar. Sukan kulle kansu a otal a makon ƙarshe, su yi ta jefa ƙuri'ar sirri zagaye bayan zagaye, ana ɗebo ƙungiyoyi kaɗan-kaɗan ana jerawa, har zuwa Lahadin da ake sanar da sakamako a tsakiyar Maris. Darakta ba ya jefa wa jami'arsa ƙuri'a, kuma dole ya fice daga ɗakin idan an zo kanta. Shugaban rukuni ma haka idan ana maganar ƙungiyoyinsa.

Kowace ƙungiya tana da takarda guda a gaban kwamitin, kuma ginshiƙin takardar shi ne NET, ma'aunin kwamfuta da NCAA ta kawo a kakar 2018-19 ya maye gurbin tsohon ma'auni RPI. Tun 2020 abu biyu yake dubawa. Na farko, wa ka doke kuma a ina. Na biyu, maki nawa kake ci a duk riƙon ƙwallo 100, a cire makin da ake cin ka a irin wannan adadi, sannan a daidaita da ƙarfin abokin karawa da filin da aka buga. NET ba ta san sunan koci ba, ba ta tuna bara, ba ta kallon jerin AP. Wasan Nuwamba da na Maris nauyinsu ɗaya a wurinta, kuma wasa da makarantar da ba ta mataki na ɗaya ba ya shiga lissafi. Ana fara fitar da ita wajen farkon Disamba, lokacin da wasanni ba su taru ba, shi ya sa jerin farko kan zo da abubuwan ban dariya. Kada a ɗauke shi da zafi sai an shiga Janairu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne zaton lambar NET ta ƙungiya ce ke shigar da ita. Babban aikin NET shi ne auna abokan karawarka, a raba wasanninka aji huɗu. Wasa na aji ɗaya shi ne wanda ka buga a gida da ƙungiyar da ke tsakanin 1 zuwa 30, ko a filin 'yan ba-ruwanmu da 1 zuwa 50, ko a gidan abokin hamayya da 1 zuwa 75. Aji na biyu: 31 zuwa 75 a gida, 51 zuwa 100 a filin 'yan ba-ruwanmu, 76 zuwa 135 a waje. Aji na uku ya tsaya a 160 da 200 da 240, abin da ya wuce nan duk aji na huɗu ne. A ɗauki ƙungiyar da ke lamba 70. Ka doke ta a filinka, nasarar aji biyu ce. Ka bi ta har gida ka doke ta, ta zama ta aji ɗaya. An yi haka ne don a saka wa mai fita waje, domin cin wasa a gaban ɗaliban wata jami'a suna ihu a kunnenka ba ƙaramin aiki ba ne.

Ajin wasa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Matsayin abokin karawa a ranar zaɓe ake dubawa, ba na ranar da aka buga ba. Ka doke ƙungiya mai lamba 25 a gidanka a Disamba, babban ɗan wasanta ya ji rauni a Janairu ta gangaro 45, nasararka ta sauka aji na biyu kana zaune. Don haka za ka ga magoya baya a Fabrairu suna yi wa ƙungiyar da suka riga suka doke fatan alheri. A ɗaya gefen, shan kashi a aji na uku ko na huɗu tabo ne da ke bin ƙungiya har ranar Lahadin.

Tsarin yana da ɓaraka, kuma masu horarwa sun gano ta. Da yake tazarar ci tana shiga lissafin riƙon ƙwallo ba tare da iyaka ba, babbar ƙungiya na iya cika watan Nuwamba da ƙananan makarantu, ta lallasa su da tazarar 40, lambarta ta haura. Idan rukuni guda ya yi haka, sai wasannin da suke yi da junansu su koma na aji ɗaya da na biyu kusan duka. A 2024 kocin Clemson, Brad Brownell, ya fito fili ya zargi rukunin Big 12 da wannan dabara. Ƙananan rukunoni kuwa matsalarsu akasin haka ce: manya ba sa yarda su zo gidansu, damar wasan aji ɗaya ba ta wuce biyu ko uku a kaka. Indiana State tana cikin 30 na sama a NET a 2024, ta faɗi a wasan ƙarshe na rukuninta, aka bar ta a gida. A ganina nan ne rashin adalcin tsarin ya fi fitowa, kuma shi ya sa sabon ma'aunin da aka ƙara a kakar 2024-25, WAB, ya dace. Tambaya ɗaya yake yi: da an ba ƙungiyar da ke bakin gaɓar shiga irin wasanninka, nasara nawa za ta samu, kai kuma ka fi ta da nawa? Takardar tana ɗauke da wasu ma'aunai masu zaman kansu, irin su KenPom da Torvik da BPI, kuma kowane ɗan kwamiti yana da 'yancin fifita wanda ya ga dama.

Wannan 'yanci ne ya haifar da hayaniyar 2025. North Carolina ta buga wasa 13 na aji ɗaya ta ci guda tak, aka ba ta gurbin ƙarshe. West Virginia da ta ci shida aka ajiye ta. Shugaban kwamitin a shekarar, Bubba Cunningham, shi ne daraktan wasannin North Carolina. Kwamitin ya ce ya fice daga ɗakin kamar yadda doka ta tanada, kuma North Carolina ba ta faɗi ko sau ɗaya a aji na biyu ba. Bayanin bai gamsar da mutanen West Virginia ba, kuma babu inda za su ɗaukaka ƙara a cikin tsarin.

Sai kuma ɓarayin tikiti, kamar yadda masu sharhi ke kiran su. Idan ƙungiyar da ba ta da rabon gayyata ta ci gasar rukuninta, babbar ƙungiyar rukunin da aka kayar sai ta koma layin gayyata ta cinye gurbi guda, na ƙarshe a layin ya faɗo. NC State ta yi haka a 2024, wasa biyar cikin kwana biyar a gasar ACC, daga nan kuma ba ta tsaya ba sai wasan kusa da na ƙarshe na ƙasa.

Da an gama zaɓe, kwamitin kan jera dukkan ƙungiyoyin daga ta farko zuwa ta ƙarshe, ya raba su shiyya huɗu, kowace shiyya da lamba 1 zuwa 16. Mai 1 ta kara da mai 16, mai 8 da mai 9. A tsarin gurabe 68, ƙungiyoyi huɗu na ƙarshe a layin gayyata da huɗu mafi rauni cikin zakarun rukunoni sukan fara buga wasan share fage a Dayton ta jihar Ohio. VCU a 2011 da UCLA a 2021 daga wasan share fage suka taso har zagayen huɗun ƙarshe. 'Yan rukuni ɗaya da suka haɗu sau uku a kaka ba a haɗa su kafin wasan ƙarshe na shiyya, waɗanda suka haɗu sau biyu kuma ba kafin zagayen 'yan 16 ba. An yarda a ɗaga ƙungiya ko a sauke ta da lamba ɗaya don waɗannan ƙa'idoji su zauna. BYU, jami'ar cocin Mormon, ba ta wasa ranar Lahadi, don haka a ɓangaren Alhamis da Asabar aka saba sa ta.

Kowane wasa da ƙungiya ta buga a gasar yana jawo wa rukuninta kaso guda na kuɗin talabijin, kimanin dala miliyan biyu da ake biya cikin shekara shida, rukunin ya raba wa jami'o'insa. SEC ta shigar da ƙungiyoyi 14 cikin 16 a 2025, ta karya tarihin 11 da Big East ta kafa a 2011. Ƙaramin rukuni mai tikiti ɗaya kuwa, idan zakaransa ya faɗi a wasan farko, kaso ɗaya ke nan na shekarar.