Waiwaye: Me ya rage mutuwar sojojin Amurka a Iraƙi a ƙarshen 2007?

Har yanzu ba a gama musu a kan watanni bakwai na ƙarshen 2007 a Iraƙi ba. A watan Mayun shekarar sojojin Amurka 126 ne suka mutu a can, amma a Disamba 23 kawai. Duk lokacin da aka taso da maganar tura ƙarin dakaru wata ƙasa da ake fama da 'yan tada ƙayar baya, sai wani ya ɗauko waɗannan alƙaluma biyu ya ce ga shaida: an ƙara sojoji, mutuwa ta ragu. Mu da muka riƙa kasa kunne a rediyo safe da yamma a wancan lokacin muna jin ana ƙirga gawa kamar sakamakon ƙwallo, mun san yadda lissafin ke shiga kunne. Sai dai ruwa ba ya tsami banza, kuma abin da ya sauko da adadin ya fara tun kafin sabbin dakarun su ɗaura takalmi.

Farkon labarin kowa ya sani. An shiga Iraƙi ranar 20 ga Maris 2003, Bagadaza ta faɗi ranar 9 ga Afrilu, daga nan yaƙin sari-ka-noƙe ya kankama. A kowace daga cikin shekarun 2004, 2005 da 2006, sojojin Amurka fiye da 800 ne suka mutu. A Janairun 2007 Shugaba Bush ya sanar da ƙarin dakaru, waɗanda suka kai kimanin 30,000, kuma Janar Petraeus ya karɓi ragama a Fabrairu, ya fito da sojoji daga manyan sansanoni ya zaunar da su cikin unguwanni. Wannan ya sa adadin ya fara hauhawa kafin ya sauko, har 2007 ta zama shekara mafi muni, da mutum 904. A 2008 ya faɗo zuwa 314.

Akwai dalilai biyu da ko masu yabon ƙarin dakarun ba sa musu a kansu. Tun a Satumban 2006 shugabannin ƙabilun lardin Anbar, ƙarƙashin Sheikh Abdul Sattar Abu Risha, suka juya wa masu tsattsauran ra'ayi baya, abin da aka kira Sahwa, wato farkawa. Daga baya mayaƙan Sunni kusan 100,000 suka shiga tsarin, ana biyan kowane dala 300 a wata, kuma da dama cikinsu su ne jiya ke binne bam a gefen hanya. Sannan a ƙarshen Agustan 2007 malamin Shi'a Muqtada al-Sadr ya umarci mayaƙansa su dakatar da faɗa na wata shida.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne halin da Bagadaza kanta ta shiga a tsakanin Fabrairun 2006 da tsakiyar 2007.

Ranar 22 ga Fabrairun 2006 aka tayar da bam a hubbaren Askari da ke Samarra, wanda 'yan Shi'a ke girmamawa ƙwarai, kubbarsa ta zinare ta rushe. Cikin kwanaki kaɗan ramuwar gayya ta mamaye babban birnin. Kafin wannan rana, unguwanni da yawa a cakuɗe suke, ɗan Sunni da ɗan Shi'a katanga ɗaya, ga auratayya tsakaninsu shekara da shekaru. Sai aka fara wayar gari magidanci ya tarar da ambulan a ƙarƙashin ƙofa, ciki akwai harsashi guda da 'yar takarda mai cewa ya tashi. Mutane suka koma yawo da katin shaida biyu, domin a shingen 'yan bindiga suna kawai ya isa a fitar da mutum daga mota. Wanda sunansa Umar ya san unguwannin da ba zai nuna katinsa na gaskiya ba, haka ma wanda sunansa ya nuna shi ɗan Shi'a ne idan ya ratsa ɗaya ɓangaren. A babban mutuwaren birnin, dangi kan zauna gaban allo ana nuna musu hotunan gawarwaki ɗaya bayan ɗaya ko za su gane nasu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce fararen hula 34,452 aka kashe a Iraƙi a 2006 kaɗai.

Wanda bai mutu ba ya tattara ya gudu. Unguwar Hurriya, wadda a da ta kowa ce, ta koma ta 'yan Shi'a kusan zalla. A wurare irin su Amiriya da sassan Dora kuwa 'yan Shi'a ne suka bar gidajensu. Zuwa 2007, Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa 'yan Iraƙi sama da miliyan huɗu ba sa gidajensu, kusan rabi sun tsallaka waje, akasari Siriya da Jodan. A watan Afrilun 2007 aka fara zagaye unguwar Adhamiya da katangar kankare mai tsawon kusan kilomita biyar, sauran unguwanni suka biyo baya. Katangun sun hana motocin bam shiga, wannan gaskiya ne, amma a kan sabuwar iyakar da kisa ya shata aka dasa su.

A 2008 wasu masana ilimin ƙasa na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, John Agnew da abokan aikinsa, suka bi ta wata hanya daban. Suka duba hotunan tauraron ɗan'adam na hasken wutar dare a Bagadaza, suka ga hasken ya dusashe a unguwannin 'yan Sunni tun kafin ƙarin dakarun ya kankama, kuma bai dawo ba. Fassararsu ita ce mazauna wurin sun riga sun watse. A ganina nan gizo ke saƙar. Idan unguwa ta koma ta ɓangare ɗaya, 'yan bindiga ba su da sauran wanda za su kora, sojan da ke sintiri a cikinta kuma ba ya faɗawa tsakanin wuta biyu kamar da. Shirun da ya biyo baya ya shiga alƙaluma a matsayin nasara, alhali wani ɓangarensa shirun gidajen da babu kowa ne.

Ba kowa ya yarda da haka ba. A 2012 wani masanin harkokin soja, Stephen Biddle, da abokansa biyu suka yi nazarin bayanan yankuna daban-daban, suka ce rarrabuwar unguwanni ba ta isa ta bayyana raguwar ba, haɗuwar ƙarin dakaru da Sahwa ce ta yi aikin, kuma ɗaya ba zai iya ba sai da ɗaya. Hujjarsu na da ƙarfi, musamman a Anbar inda kusan kowa ɗan Sunni ne. Amma ko a nasu lissafin, yawan sojoji shi kaɗai bai wadatar ba. An ga haka a Afghanistan: a Disamban 2009 aka sanar da ƙarin dakaru 30,000, babu wata Sahwa da ta tarye su, kuma a 2010 sojojin Amurka 499 suka mutu a can.

Shi kansa ma'aunin akwai abin dubawa. Adadin sojojin da suka mutu yana nuna yawan haɗarin da soja ke shiga ne da irin kariyar da yake da ita. Daga 2007 aka fara kawo motoci masu sulke da ke jure bam ɗin gefen hanya, likitocin fagen daga kuma na ceto mutanen da a yaƙe-yaƙen baya da sun mutu, shi ya sa waɗanda suka ji rauni suka haura 30,000. 'Yan kwangilar tsaro ba sa cikin lissafin, haka nan sojoji da 'yan sandan Iraƙi da suka karɓi shingayen bincike.

Ranar 30 ga Yunin 2009 dakarun Amurka suka janye daga cikin biranen Iraƙi suka koma sansanoni. Mako bakwai bayan nan, ranar 19 ga Agusta, manyan motoci maƙare da bam suka tashi a gaban ma'aikatun kuɗi da harkokin waje a Bagadaza, mutum kusan ɗari suka mutu. A ilahirin wannan watan, sojojin Amurka da suka mutu a Iraƙi ba su kai goma ba.