Waiwaye: Daga Inland zuwa Heritage, da takardun da mai ajiya ya kamata ya karanta

Duk wanda ya yi wayo a Bauchi ko Gombe a shekarun 1990 ya san Inland Bank, bankin da tushensa ke Bauchi tun kafin Gombe ta zama jiha a 1996. Yau ko allon sunansa babu. Mai neman abin karantawa kan rikicin kuɗi, ya fara da bin sawun wannan banki.

Abin ya faro ne daga SAP, shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Babangida, a 1986. Aka saki naira, aka sassauta ba da lasisi, bankuna suka yi ta tsirowa har suka haura 100, da yawansu da cinikin dala suke rayuwa. An kafa hukumar inshorar ajiya, NDIC, a 1988, kuma ba ta jima ba aiki ya same ta: a Janairun 1998 an rufe bankuna 26 lokaci guda.

A 2004 gwamnan Babban Banki, Charles Soludo, ya ce kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka koma 25. Inland ya haɗe da First Atlantic da IMB da NUB, aka samu First Inland, wanda daga baya ya zama FinBank. A nan zazzaɓin hannun jari ya kama mutane, daga ma'aikacin sakatariya har mai shago a kasuwar Wunti.

Ga inda ɓarakar take. Banki zai ba ka bashi ka sayi hannun jari, wani sa'in nasa ma, kuma hannun jarin shi ne jinginar. Muddin farashi na hawa, kowa na dariya. Da ya juya, jinginar ta kasa rufe bashin, banki ya sayar don ya tsira, sayarwar ta ƙara karya farashi. Kasuwar hannun jari ta Legas ta kai ƙololuwa a Maris 2008. A Satumba bankin Lehman Brothers ya rushe a Amurka, masu jari na waje suka kwashe kuɗinsu, gangar mai ta faɗo daga dala 147 a Yuli zuwa ƙasa da 40 a Disamba. Cikin shekara guda kasuwar ta zubar da fiye da rabin darajarta.

Ranar 14 ga Agusta 2009 gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, har da FinBank, ya zuba musu naira biliyan 420. Aka kafa hukumar AMCON a 2010 ta saye basukan da suka maƙale, FCMB kuma ya haɗiye FinBank a 2012. Masu ajiya sun tsira da kuɗinsu. Masu hannun jari ne suka ji a jikinsu, kuma har yau wasu ba su bambance matsayin biyu ba.

To me za a karanta? Rahoton shekara na bankinka, wanda ke shafinsa na intanet kyauta. Tsallake hotunan daraktoci, ka nemi lambobi biyu. Na farko kason bashin da ba a biya: Babban Banki na son kada ya wuce kashi 5 cikin 100. Na biyu ƙarfin jari, wato jarin banki idan aka auna shi da basuka da sauran kadarorinsa masu haɗari: aƙalla kashi 10 ga banki na cikin gida, 15 ga mai lasisin ƙasa da ƙasa. Sai alƙaluman hauhawar farashi da hukumar ƙididdiga NBS ke fitarwa duk wata, don mai albashi ya gane ko ƙarin da aka yi masa ƙari ne ko suna kawai.

Ƙa'idojin NDIC ma abin karantawa ne. Da aka soke lasisin Heritage Bank ranar 3 ga Yuni 2024, inshora ta tsaya a naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya, kuma ta lambar BVN aka nemo asusunsa na wani banki aka tura masa. Mai miliyan 8 ya karɓi 5, ragowar 3 sai an sayar da kadarorin bankin an karɓo basukansa. Asusu biyu a banki ɗaya haɗa su ake yi a lissafi, don haka mai raba kuɗi sai ya raba su a bankuna daban-daban.