Karatun tsofaffin dauloli a jami'a: me ake koyarwa, ina ake zuwa da shi?

Wane irin karatu ne wannan?

Nazarin al'ummomin da suka kafa birane da rubutu da shari'a tun shekaru dubbai: Masar ta Fir'aunoni, Sumer da Babila a Iraƙin yau, Girka, Rum, da Kush ta Sudan, wadda ma ta fi Masar yawan gine-ginen dala.

Ba haddar sunayen sarakuna ba ne kawai?

Ina! Ainihin aikin shi ne koyon karanta shaida. Wasu ɗalibai kan bi ta harshe, su koyi Girkanci da Latin, ko rubutun Mesofotamiya (yankin Sumer da Babila) da ake dannawa da tsinken kara a kan ɗanyen yumɓu. Rubutun Masar ya shafe ƙarnoni ba mai iya karanta shi, sai a 1822 Bafaranshen nan Champollion ya warware shi da taimakon Dutsen Rosetta, wani dutse mai ɗauke da saƙo ɗaya a rubutun Masar da na Girkanci, da aka tsinta a 1799.

Wasu kuma ƙasa suke karantawa. Za ka ga ɗalibi durƙushe a rami da ƙaramin cebur da buroshi, yana share tsingaro a hankali, yana rubuta zurfin inda ya same shi kafin ya ɗaga. Ɗan gawayin da ke gefen tsingaron kan fi shi daraja, domin da shi ake gwajin kabon-14 a gano shekarun wurin. Shi ya sa masu haƙar sata ke yin ɓarnar da ba ta gyaruwa: sun cire kayan, sun watsar da ƙasar da za ta faɗi shekarunsa.

Sai an fita waje ake yin sa?

A'a. Akwai sashen ilimin tonon kayan tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Ibadan, da ta Nsukka. Ibadan na koyar da Girkanci da Latin ma. Mai son ƙwarewa a kan Masar ko Babila dai galibi sai ya nufi Alƙahira ko Turai.

Mu ma muna da abin tonowa?

Sosai. Masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da mutum-mutumin Nok, wani ƙauye a Jihar Kaduna ta yau, a 1928, kuma binciken masana daga Jami'ar Frankfurt ya nuna al'ummar ta faro wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A 1987 wani Bafulatani mai haƙa rijiya ya tarar da kwalekwale a Dufuna ta Jihar Yobe, mai kimanin shekara 8,000. A Nijar akwai tsohuwar maƙabartar Gobero cikin hamadar Tenere, tun zamanin da Sahara ke da tafkuna.

Nazarin gumaka bai saɓa wa addini ba?

Iyaye kan yi wannan tambaya. Nazari daban, bauta daban. Alƙur'ani ma ya yi umarni da a yi tafiya cikin ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance.

To, aiki fa?

Nan ne gizo ke saƙa. Guraben ba su da yawa: koyarwa, gidajen tarihi irin na Jos da Gidan Makama a Kano, Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, da yawon buɗe ido. Mai son bincike ya shirya yin digiri na biyu, yawanci har na uku.